Gidan da Ban Sha Ruwansa Ba

Ƴaƴana, na san abin da kuke faɗa a bayana duk lokacin da na yafa mayafi na nufi tasha. Kuna cewa Inna ba ta san amfanin waya ba, abin da za a gama da magana biyu sai ta ƙone yini guda a cikin mota. Ƴar'uwarku Zali har suna ta laƙaba mini, wai “Inna kabu-kabu”, don babu ɗan kabu-kabun Gazawa da bai taɓa ɗaukata ba. Wannan bai dame ni ba, ku yi ta dariyarku. Abin da ya dame ni wata magana ce da kuka daɗe kuna maimaitawa, ni kuma na yi shiru don tana rufa mini asiri. Kuna cewa shekarar da na yi wata bakwai ba wanda ya kira ni biki, masu manyan lasifika ne suka kashe mini kasuwa. Ba su ba ne. Ni na kashe ta da bakina, da rana tsaka, a gaban matan unguwa guda a Gidan Rumji. Yanzu gwiwa ta fara ƙi, ido ma yana neman bin sahunta, gara in zuba maganar a cikin wannan kaye, littafin rubutun nan, tun ina iya riƙe bik in rubuta. Rubutun yaƙi da jahilci ne, inda ya karkace ku gyara da kanku.

Kiɗan ƙwarya a hannun Gwaggo Kande na koya, yayar babana. Mace ce gajera mai faɗa, muryarta ba ta kai tawa zaƙi ba, wannan ko a gabanta na sha faɗa. Amma daga Gazawa har Agye, in ba ita ta kifa ƙwarya a kan ruwa ba, mata ba sa jin an yi biki. Tana da doka guda da ba ta taɓa karyawa ba: ba ta kiɗa a gidan da ba ta sha ruwansa ba. In aka kawo mata goron biki, saura kwana biyu ko uku sai ta ɗauke ni mu tafi gidan, ba ƙwarya ba makaɗi. A shimfiɗa mana tabarma, a kawo ruwa, ta sha ta miƙo mini. Daga nan ta jawo duk aikin da ta tarar, ɓarar gyaɗa ce, tsintar wake ce, ta sa hannu. Ba ta tambayar komai. Tsofaffin gidan ne za su yi ta zuba, ita tana “Allah sarki” da “ikon Allah”. Kafin la'asar ta san wa ya rasu bana wanda ba a so a tuna, wa ya yi fushi aka lallaso shi da ƙyar, wace ce ta sayar da tunkiyarta aka sayi gadon amarya. Ni a lokacin haushi nake ji, ina ganin wahalar da ƙafa ne kawai. Wata rana a hanyar dawowa na yi ƙorafi, ta tsaya cak ta dube ni.

“Habsu, murya kike taƙama da ita? Jakin maƙwabcinmu ma na da murya, har bayan gari ana jin shi. Abin da ya sa ake kiranmu, mun san wa za mu kira, mun san wa za mu ƙyale.”

Na riƙe wannan doka shekaru masu yawa bayan rasuwarta, ni da Tsahara mai yi mini amshi. Ba mu yi arziki ba, amma da ƙwaryar nan aka sayi kayan lakol ɗinku na makarantar boko, da ita aka yi wa ɗakina rufin kwano. Sai shekarar da ɗan'uwanku Sani ya samu aikin gyaran babura a Maraɗi, ya zo mini da waya irin mai ɗaukar murya da hoto. A daidai lokacin wani ya ɗauki waƙata a wani suna, ta shiga yawo daga waya zuwa waya. Ran nan na sauka a tashar Cadawa sai na ji muryata tana tashi a teburin mai shayi, maza sun kewaye suna kaɗa kai. Wallahi kaina ya kumbura. Kira ya fara shigowa daga garuruwan da ban taɓa takawa ba. In mai biki ya kira sai in ce ya turo mini sunaye ta murya, Zali ta kunna mini in haddace ina tankaɗe, ranar biki in sauka daga mota in hau kiɗa. A mako guda sai in yi biki uku, abin da Gwaggo ba ta taɓa yi ba. Babanku, da yake dillalin awaki ne, yana kallona yana tauna goronsa.

“Ni dai, Habsu, tunda nike dillanci ban taɓa sayen akuya ta waya ba. Sai na taɓa ƙugunta, na buɗe bakinta.”

“To Malam, ni ba akuya nike ma waƙa ba.”

“Shi ya sa na hwaɗi. Akuya ba ta jin haushi.”

Ban saurare shi ba. Bayan kaka aka kira ni daga Gidan Rumji. Wadda ta kira ƙanwar ango ce, tana aiki a wani buro, wato ofis, a Maraɗi, yarinya mai ladabi. Ta ce ta ji waƙata a waya, tana so ta yi wa yayanta bajinta, a kawo zabiya daga gabas. Na ce ta turo sunaye. Ita ma ba ta san gidan amaryar sosai ba, sai ta samo takardar haihuwar amarya ta karanto mini abin da ke ciki: amarya Nana, ubanta wane, uwarta Balki. Ba ta yi ƙarya ba, haka takarda ta ce. Ban tambayi ko Nana ƴar fari ce ba. Ban tambayi a ɗakin wa ta tashi ba. Ni da na ba da yayarku ga ƙanwar babanku a Agye ranar da aka yaye ta, ni da har yau bakina bai taɓa kiran sunanta ba, kun ga ko a wannan kaye ban rubuta shi ba, ni ce na manta in yi wannan tambaya.

Tafiyar doguwa ce. Gazawa zuwa Agye, Cadawa, Maraɗi, a can muka canja mota muka zauna jiran ta cika, sannan Tibiri, sannan Gidan Rumji. Mun shiga gidan bikin bayan azahar, tsakar gida cike da mata, an gaji da jiranmu. Muna shiga wata tsohuwa ta taro mu daga wajen tukwane, zanenta ya koɗe, ƙafarta duk toka. Ta riƙo kwanon sha da hannu biyu, ruwan randa ne, har gefen kwanon yana raɓa. Ni kuwa ina riƙe da ruwan leda da na saya a tasha. Ko fuskarta ban duba da kyau ba, na ɗaga mata ledar.

“Na gode Iya, ina da ruwana. Ina za mu zamna? Mun makara.”

Ta ɗan tsaya da kwanon a hannu, sannan ta juya. Na ɗauka cikin masu tuƙa tuwo ce. Aka zuba mana ruwa a babban kwano, na kifa ƙwarya, Tsahara ta zauna a damata. Na kira ango da danginsa, aka yi guɗa, aka fara liƙi. Da na ga fili ya yi zafi sai na juya kan amarya, na ɗauko wani baiti da na saba yi, wanda a gidaje da yawa yake sa uwar amarya ta fito tana rawa tana hawaye:

Balki uwar amarya, fito fili,
Ke kika haifa, ke kika goya,
Mai haihuwa ita ke da ɗiya,
Saura duk ƴan rakiya ne.

Tsahara ta amsa sau ɗaya ta yi shiru. Ba guɗa. Wata mata da ke raɓe a bakin ɗaki ta ja mayafi ta rufe fuska ta faɗa ciki da gudu. Ni da kai ya riga ya kumbura, na ce ko ba su ji ba ne, na ɗaga murya na maimaita. A nan ne tsohuwar nan mai kwanon sha ta ajiye muciya, ta wanke hannunta a hankali, ta ratsa tsakiyar mata ta fita, ba ta dubi kowa ba. Daga ɗakin amarya kuka ya tashi, ba irin kukan amare na al'ada ba. Wata dattijuwa ta taso ta ɗora tafin hannunta a kan ƙwaryata. Tunda nake ba a taɓa tsayar mini da kiɗa da hannu ba. Ita ta raka mu zaure, a can ta gaya mini abin da na yi.

“Ke baiwar Allah, wa ya aiko ki? Wagga da kinka ƙi ruwanta, ita ta Hajiya Dije, yayar Balki. Allah bai ba ta haihuwa ba. Tun ranar yaye ta ɗauki Nana, ita ta goya, ita ta yi jinya, gidanga da kike ciki nata na. Balki ko sunan yarinyar ba ta hwaɗi, ɗiyar fari ta. Kin kunyata ƙanwa, kin soki yaya, a baiti guda.”

Ƴar rakiya na kira ta, macen da ta yi shekara ashirin tana raino. Amma ku ji wautar da ta fi ta farko. Maimakon in bi ta in durƙusa a ranar, sai kunya ta kore ni, muka hau mota. Kwana biyu da dawowa na sa Zali ta danna mini waya, na yi maganar ban haƙuri mai tsawo har da kuka, na tura wa ƙanwar ango ta kai mata. An ce an kunna mata, ta saurara har ƙarshe, ta ce a mayar wa yarinya wayarta. Ba ta ƙara ko kalma ba.

Ashe wata a wurin bikin ta ɗauki hoton abin, tun daga baitin har hannun da aka ɗora a kan ƙwarya, kafin mako ya zagayo ya iso Gazawa. Bukukuwa biyu da aka riga aka yi mini magana, aka kira aka ce an ɗaga. Ba a ɗaga ba, ɗaya ma ina jin guɗarsu daga ɗakina. Daga nan waya ta yi tsit. Nakan ajiye ta a kan tabarma in yi ta kallonta, wani lokaci in ce Zali ta duba ko ta lalace. Tsahara ta jira ni wata uku, sannan ta zo da ladabinta ta ce za ta koma suyar ƙosai, tana da marayu. Ban ga laifinta ba. Na rataye ƙwaryar a bayan ƙofa, na koma yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. In aka tambaye ni sai in ce zamani ne, masu lasifika sun karɓe biki. Ƙaryar da kuka gada ke nan. A raina kuwa na fara yarda cewa sana'ar Gwaggo Kande a hannuna za ta mutu, wannan ya fi mini rashin kuɗin ciwo.

Gab da faɗuwar damina na bi babanku kasuwar Cadawa da jarkar mai. Ina zaune a layin masu mai sai ga Indo mai lalle, wadda muka yi shekaru muna haɗuwa a gidajen biki, ita tana kan ƙafar amarya ni ina tsakar gida. Na so in ɓoye fuska, ta riga ta gan ni. Ta zauna a kan jarkata ba ta nemi izini ba.

“Habsu, ashe kina raye? Na ɗauka wayar ta haɗiye ki.”

“Indo, bar ni da abin da ya ishe ni. Mutane sun ƙi ni kan kuskure guda.”

“Wa ya ƙi ki? Tsoronki ake. Kowane gida na da Dijenshi. Da, in kin shigo, hankalinmu kwance, mun san kin san inda ciwo yake, ba ki taka shi. Yanzu wa ya san abin da za ki kwaso? Yaushe rabonki da gidana? Uwata ta rasu bara, mi kika yi? Murya kika turo, ana kunna ta gaban masu gaisuwa kamar sanarwar rediyo.”

Da ta ga idona ya kawo ruwa sai ta sassauta, ta ɗebi ƙulina ta ci, ta ce in na tashi kasuwa in biyo ta gidanta. Na biya. Na yi mata gaisuwar uwarta a bakin ɗakin marigayiyar, shekara guda a makare. Da muka koma gida na ce wa babanku zan tafi Gidan Rumji. Ga shuka ta ƙarato, ga gonar gyaɗata ba mai kula da ita sai ni, ga babu kuɗin mota.

“Yanzu? Ruwa na bisa kai za ki tahi? In ta kore ki hwa?”

“In ta kore ni in sake komawa.”

“Da mi?”

“Da jar akuyata.”

Ya san akuyar nan ita kaɗai ta rage mini, kuma tana da ciki. Ranar kasuwa ban ce masa komai ba na ga ya kwance ta da kansa. Da ya dawo ya zube mini kuɗin a tabarma, ya ce bai cire la'adarsa ba amma kada in saba. Sani kuwa da ya ji na ajiye waya zan tafi da ƙafata, sai ya ɗauka ina nufin wayarsa ce ta jawo mini, ya yi fushi, Sallar layya ta shekarar bai zo gida ba. Sani, ga shi ina rubutawa ka gani da idonka: ba ka yi mini komai ba sai alheri. Ba wayarka ta hana ni karɓar ruwan tsohuwa ba.

Zuwan farko na tarar da Hajiya Dije a ƙarƙashin dogon yaro tana ɓarar gyaɗar iri. Ta gane ni tun kafin in durƙusa. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, ta amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, lahiya lau, lahiya lau. Na faɗi abin da ya kawo ni, ta ce Allah ya yafe mu duka. Amma ba a kawo ruwa ba. Randa tana gefenmu, kwanon shan yana kife a kanta, shi ne dai na ranar nan. Daga hantsi har azahar ina zaune, maƙogwarona ya bushe, na gane hukuncina ke nan, kuma na san na cancanta. Na jawo kwandon gyaɗar na sa hannu, ba ta hana ni ba.

A hanyar dawowa ban wuce gida kai tsaye ba. Na sauka Cadawa wurin Indo, washegari ta zaga da ni. Muka gaida mai ɗinkin kayan amare, muka gaida mai wainar da ake kira biki, muka shiga gidaje huɗu inda na taɓa kiɗa ban sake leƙawa ba. Ban roƙi kowa aiki ba. Gaisuwa kawai, da barka, da ta'aziyyar da ta wuce ni. A nan na ga abin da na yi shekaru ban lura da shi ba. Mu masu cin gashin kanmu ba mu da shago, ba mu da allo a bakin hanya, bakin juna ne tallarmu. Uwar amarya in ta zauna gaban mai lalle, ita take tambaya wace zabiya za a kira. Mai ɗinki yana auna zane yana jin ranar da aka sa. Sunana a irin waɗannan bakuna ya ɓace, in zai dawo kuwa ta nan zai dawo. Na yi haka a Agye, na yi a Tibiri. Tsakiyar damina wata mata a Agye da na taya surfe ta aiko mini da goron suna, ɗan ƙaramin suna, mata ba su cika tabarma uku ba. Na je gidan Tsahara da ƙafata na roƙe ta, ta kashe wutar ƙosai ta biyo ni. Gonar gyaɗa kuwa ciyawa ta cinye ta, shekarar ko kwalbar mai ban matsa daga gonata ba.

Zuwa na biyu gidan Hajiya Dije ma ba ruwa, sai dai ta yi mini hirar tsadar iri da ciwon bayanta. Zuwa na uku cikin marka ne, na isa zanena jiƙe da laka har gwiwa. Na tarar Nana ta dawo goyon ciki, cikin ya tsufa, kuma gidan Dije ta dawo, ba gidan Balki ba. Dije ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Ke wai ba ki gajiya? Mi kike biɗa wurina? Na ce na yahe.”

“Hajiya, yahiya na samu. Saninki nike biɗa. Na yi waƙa a gidanki ban san ki ba.”

Ta kawar da kai. Sannan ta fara, ba ni take kallo ba, ruwan da ke zuba daga indararo take kallo. Ta faɗi ranar da aka kawo mata Nana tana kukan nono, ta yi kwana uku ba ta sauke ta daga baya ba. Ta faɗi shekarar ƙyanda da ta goya ta a ƙafa zuwa likita. Ta faɗi yadda ta tsaya kai da fata sai yarinyar ta shiga lakol, da yadda ta sayar da awarwaronta na azurfa na gado aka sayi keken ɗinkin da Nana take ci da shi. Ta ce ita ba ta taɓa jin ba ita ta haife ta ba, sai ranar da na faɗa a gaban mutane. Na yi kuka, ita ba ta yi ba. Da ta gama sai ta ɗaga murya ta ce, “Nana, kawo ma baƙuwa…” sai ta katse. Ta dafa gwiwa ta miƙe da ciwon bayan nan nata, ta je randa da kanta, ta ɗebo a kwanon nan ta riƙo da hannu biyu. Na karɓa da hannu biyu na shanye tas, ga sanyin marka, ga ba ƙishi nake ji ba.

Da Nana ta haihu ba kira aka yi ba. Ranar kwana uku ina tsakar gida ina shanyar kuka sai na ji ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofa, ga Hajiya Dije tana saukowa da ƙyar, ƙullin goro a hannu. Tun daga Gidan Rumji. Zali, ke kika ba ta ruwa, kin tuna tsohuwar da ta ce randarmu tana so a ɗauraye ta? Ita ce.

“An samu ɗiya mace, uban ya ce sunana za a maida. Ki taho da ƙwaryarki. Amma ki taho da wuri, akwai waɗanda ba ki sani ba tukuna.”

Na je saura kwana biyu. Na zauna da tsofaffi, na tsince shinkafa, na ji abin da zan faɗa da abin da zan haɗiye. Maganar awarwaro sai da na tambaye ta, ta ce in faɗa, ta tsufa da ɓoyo. Ranar suna da la'asar, a tsakar gidan nan dai, a gaban matan nan dai, na kifa ƙwarya. Na ga wasu sun ɗaga waya suna jiran su ga me zan sake kwasowa. Na ce:

Dije uwar Nana, kakar Dije,
Bayanki ya goya, ƙafarki ta kai likita,
Kin saida azurfa kin sai keke,
Yau ga ki da jika a cinya.

Tsahara ta amsa. Na kasa kunne, don a irin wannan wuri guɗar farko ita ke nuna ko an karɓe ka. Sai ta tashi, doguwa mai kaifi, ba daga tsakar gida ba, daga cikin ɗakin da ke kusa da zaure inda labule yake sake. Mata suka waiga, suka dubi juna. Balki ce. Ba ta fito ba, ba kuma za ta fito ba, sunan ɗiyar ƴarta ta fari ne. Amma ita ta fara yi wa yayarta guɗa, sannan gidan duka ya ɗauka. Hajiya Dije tana zaune da jaririya a cinya, hawayen da ba ta yi a gabana ba ranar marka, a ranar ta yi su.

Daga wannan suna ƙwaryata ba ta sake komawa bayan ƙofa ba. Ban koma biki uku a mako ba, ɗaya nake yi, wani makon babu, kuma ya ishe mu. Waya tana nan, Sani ya canja mini ita sau biyu, ina son abata, da ita nake jin muryar jikokina, da ita nake cewa ga ni nan tafe a shimfiɗa mini tabarma. Zali, ke da kike ɗinki a ɗaki kina tura hotuna kina jiran a kira, ban ce ki bari ba. Na ce dai ranar kasuwa ki rufe keken ki fita, ki je ki zauna wurin Indo. Ta tsufa, amma har yanzu ba a sa ranar aure a Cadawa ba ta ji ba. Hajiya Dije ta riga mu gidan gaskiya, na je gaisuwa da ƙafata, Nana ta ba ni kwanon shan. Shi ne wanda kuke gani a kan randata kuna cewa in jefar ya tsufa.

A nan zan ajiye bik. Akwai biki ranar Asabar a wani gida bayan kasuwar Cadawa, sun kira sun ce za su turo sunaye, na ce su bari. Gobe da hantsi, Zali, ki tsayar mini da ɗan kabu-kabu. Ban sha ruwan gidan ba tukuna.